Man ƙamshin ganyen lemun tsami: magani ne ko turare?

Hajiya Zeinabou, Tawa

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina da tambaya ga malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri idan ta yi tsawo. Sana'ata ita ce haɗa humra da turaren wuta da sabulun wanka, kuma na fi shekara goma sha biyar ina yin ta a nan Tawa. A watan da ya wuce wata ƙanwata ta zo mini da tsaraba daga Yamai, ƴar kwalba mai duhu wadda ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, an rubuta a jikinta cewa mililita 10 ne na man ganyen lemun tsami. Wanda ya sayar mata ya ce wannan mai yana maganin masassara da hawan jini da ciwon ciki, yana kashe ƙwayoyin cuta, har ma ya ce likitocin Turai sun tabbatar da haka.

Da na buɗe murfin, ƙamshin ya tuna mini da suracen da mahaifiyata take haɗa mana da damina, inda take tafasa ganyen lemu da na gwaba da na mangwaro, ta lulluɓe mu da zane a kan tukunyar har sai gumi ya karyo mana. Muna da itatuwan lemun tsami guda huɗu a garkar maigidana, kuma duk shekara idan aka rage musu rassa, ganyen a wuta yake ƙarewa ko a bakin awaki. Abin da nake so in sani shi ne, mene ne ainihin abin da ke cikin wannan mai? Shin maganin da iyayenmu suka sani ne aka tattara ƙarfinsa a kwalba? Kuma idan na koyi tatsarsa, ya dace in sayar da shi da sunan magani?

Malam Issoufou, malamin kimiyyar sinadarai, Tawa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan ɗauki tambayar farko, in bar wa masu asibiti sauran. Ki tsinko ganye ɗaya daga itacenku, ki ɗaga shi saitin rana, za ki ga wasu ƴan ɗigo-ɗigo masu haske sun cika shi kamar an tsattsaga shi da bakin allura. Waɗannan ƴan jakunkuna ne da itacen yake ajiye mai a cikinsu, kuma su ne suke fashewa idan kika murje ganyen, ƙamshi ya tashi. Wannan mai ba irin man gyaɗa ba ne ko man riɗi. Idan kika ɗiga man gyaɗa a takarda, tabon zai zauna, amma idan kika ɗiga wannan, zai bi iska ya bar takardar kusan yadda take. Wannan ma hanya ce ta gane wanda aka yi wa algus da man girki.

Ba sinadari ɗaya ba ne a cikinsa, gomomi ne, sai dai ƴan kaɗan ne suka fi rinjaye. Na farko sunansa limonen, wanda aka gina da ƙwayar kabon 10 da ta haidurojin 16, kuma yana cikin dangin da ake kira terpen, dangin da Bajamushe Otto Wallach ya warware tsarinsu har ya sami kyautar Nobel a 1910. Na biyu sunansa sitiral, wanda a gaskiya tagwaye ne, jeraniyal da neral, kuma shi ne mai wannan kaifin ƙamshi da hanci yake cewa lemu ne. Bayan su akwai pinen da linalol da sitironelal da wasu ƴan uwansu a ƙananan kaso.

A nan ne ganye da ɓawo suka rabu. Man ɓawon lemu, wanda ake matsewa ba tare da wuta ba, kusan kashi biyu cikin uku nasa limonen ne, sitiral kuwa bai wuce ƴan kaso kaɗan cikin 100 ba. Man ganye kuwa limonen ɗinsa ya ragu sosai, sitiral ya ƙaru ninki da yawa. Masu harkar turare a Faransa suna kiran man ganyen dangin lemu da sunan petitgrain, wato ƙaramar ƙwaya, saboda a da daga ƴaƴan da ba su ƙosa ba ake tatsarsa kafin a koma ga ganye da ƙananan rassa. Ƙasar Faraguwai ta yi suna wajen samar da irin wanda ake tatsa daga ganyen lemu mai ɗaci.

Game da tatsa, ki ɗauki misalin madambaci. Ruwa yana tafasa a ƙasa, tururi yana ratsa ganyen da ke sama kamar yadda yake ratsa tsakin dambu, sai ya kwashi man ya tashi da shi. Limonen shi kaɗai sai zafi ya kai digiri 176 yake tafasa, sitiral kuma sai ya haura 220, amma a tare da tururi suna tashi kafin a cika digiri 100, shi ya sa ba sa ƙonewa. Idan aka bi da tururin ta cikin bututun da aka sanyaya, sai ya koma ruwa, man kuma ya taso samansa. Abin da zai ba ki mamaki shi ne ƙarancinsa, domin abin da ake samu daga ɗanyen ganye bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ma ƙasa da rabin haka. Wannan ƴar kwalba da ke hannunki ta cinye kilo da dama na ganye.

Elhadji Mamane, mai garka, Tawa

Allah ya saka da alheri, Malam. Ni manomi ne, ban san sunayen da kuka lissafa ba, amma na san itace, kuma ina ganin akwai abin da ya kamata a fara tantancewa. Lemun tsamin da muke da shi a garake, wanda ake matsawa a koko da kifi, ƙarami ne, kewayayye, mai siririn ɓawo, itacensa cike da gajerun ƙayoyi. Akwai kuma wani babba mai kaurin ɓawo da tsini a ƙasansa kamar kan nono, wanda na taɓa dasa guda biyu nasa da na sayo daga wajen masu renon itace. Ganyensu ba ɗaya ba ne. Na babban ya fi faɗi, tohonsa yana fitowa da ja-ja kafin ya koma kore, furensa ma yana da ɗan shuni a bayansa. Na ƙaramin kuwa gajere ne, kuma a wuyan ganyen akwai wani ɗan siririn fiffike. Idan aka murje su ma, hanci yana rarrabewa. To wanne ne a cikin kwalbar Hajiya, kuma wanne ne a garkar maigidanta?

Malam Issoufou

Elhadji, kun taɓo wurin da ni na tsallake, kuma kun fi ni gaskiya. Jinsi biyu ne daban. Babban shi ne masana tsirrai suke kira Citrus limon, ƙaramin namu kuma Citrus aurantiifolia. Dukansu suna da limonen da sitiral a ganyensu, amma ba a kaso ɗaya ba. Idan kwalbar daga waje ta zo, akwai yiwuwar ta babban ce, alhali itatuwan Hajiya na ƙaramin ne. Saboda haka duk abin da aka rubuta a kan ɗaya, ba za a ɗauke shi kai tsaye a ɗora wa ɗayan ba, ko da yake Hausa ta haɗa su a suna guda.

Malam Chaibou, mai maganin gargajiya, Tawa

Na karanta bayanan nan da natsuwa, kuma ban ga abin musu a cikinsu ba, amma ina jin inda maganar za ta dosa, shi ya sa zan riga ku. Duk lokacin da aka tayar da zancen itatuwanmu, ƙarshensa a ce ba a tabbatar ba. Mahaifina ya yi wannan sana'a, ni ma na gaje ta, kuma ganyen lemun tsami yana cikin abin da muke haɗa wa mai mura da mai zazzaɓi da mai kumburin ciki tun kafin a gina gidan likita a garuruwa da yawa na Adar. Idan ganyen da aka tafasa yana aiki, ta yaya man da aka tattaro daga buhu guda na ganyen zai kasa aiki? Ai abin da ya yi zuma shi ya yi madi. Kuma ku da kanku kuna faɗa cewa maganin masassarar da ake sayarwa a farmasi daga wani tsiro na ƙasar Sin aka samo shi. Me ya sa tsiron ƙasar Sin zai zama magani, namu kuma ya zama turare?

Dokta Ramatou, mai ilimin haɗa magunguna, Yamai

Baba Malam Chaibou, tambayarku tana da nauyi, kuma ba zan amsa ta da raini ba, domin ni ma da surace aka rene ni. Amma bari in rarrabe abubuwa uku da mai sayar da kwalbar ya cakuɗa: abin da aka gani a ɗakin gwaji, abin da aka gani a jikin ɗan Adam, da abin da ba a gani ba ko kaɗan.

A ɗakin gwaji, gaskiya ne man yana da tasiri. Idan aka shuka bakteriya a faranti aka sa mata man ganyen lemu, ana ganin ta kasa yaɗuwa, musamman irin su Staphylococcus aureus mai haddasa maruru da ruɓewar rauni. Masu ruɓi biyu na fata a jikinsu, kamar Pseudomonas aeruginosa, sun fi taurin kai. Haka kuma yana hana wasu nau'o'in fungas girma, kamar Candida. Dalilin sananne ne: waɗannan sinadarai masu son maiƙo ne, suna kutsawa cikin fatar ƙwayar cutar wadda ita ma da maiƙo aka gina ta, su sa ta yoyo. Sitiral ya fi limonen ƙarfi a wannan aiki, shi ya sa masu bincike suke sha'awar man ganye.

Sai dai faranti ba mutum ba ne. Ruwan jabel da muke wanke bene da shi yana kashe bakteriya a faranti fiye da kowane man ƙamshi, amma ba wanda zai ba majiyyaci ya sha. Kafin a kira abu magani, sai an san adadin da zai kai wurin ciwon bayan hanta ta sarrafa shi, da adadin da zai fara cutar da mai shan, sannan a gwada shi a kan mutane da yawa a kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Kuma abin da yake huda fatar bakteriya yana iya taɓa ƙwayoyin jikinmu idan ya yi yawa. Limonen shi kaɗai an kai shi wannan mataki a wasu wurare. A Jafan, tun shekarun 1970, likitoci sun yi amfani da shi wajen narkar da tsakuwar matsarmama, amma ta bututu suke zuba shi kai tsaye a asibiti, ba sha ake yi ba. A Landan, a shekarun 1990, an gwada shi a kan masu ciwon daji bayan ya nuna alamar nasara a jikin ɓeraye, sakamakon kuwa bai kai yadda aka yi fata ba, kuma har yau bai shiga jerin magungunan daji ba. Man ganyen lemu gaba ɗayansa ba shi da gwajin da ya tabbatar da shi a matsayin maganin masassarar cizon sauro ko hawan jini, saboda haka maganar cewa likitocin Turai sun tabbatar, maganar kasuwa ce.

Misalin da kuka kawo na ƙasar Sin yana da kyau, amma ku dubi yadda ya faru. Malama Tu Youyou da abokan aikinta sun bi tsofaffin rubuce-rubucen maganin gargajiyarsu, sun gwada tsirrai da haɗe-haɗe masu ɗimbin yawa, mafi yawansu suka faɗi. Ko wannan nau'in tazargade da ya yi nasara, da farko bai ba da sakamako mai ɗorewa ba, sai da ta gane cewa zafi yana lalata sinadarin, ta koma tatsarsa ba tare da zafi mai yawa ba. A 1972 suka ware artemisinin, sinadarin da ke maganin masassarar cizon sauro, aka shafe shekaru ana gwaji, kuma sai a 2015 ta karɓi kyautar Nobel. Kinin ma haka, daga ɓawon itacen sinkona na Amurka ta Kudu wasu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware shi a 1820. Ba asalin tsiron ne ya ba su daraja ba, gwajin da suka tsallake ne.

Akwai kuma kuskure a ɗaukar cewa man shi ne ganyen da aka ninka ƙarfinsa. Tururi abin da ke iya tashi kawai yake ɗauka. Duk abin da ke narkewa a ruwa ba ya tashi, kamar sinadaran filabonoyid masu ɗan ɗaci, a tukunya yake zama. Wanda ya sha dafaffen ganye da wanda ya sha man, abubuwa biyu daban suka sha. Haka nan bitamin C, wanda ke cikin ruwan ƴaƴan lemu kuma shi ne sirrin gwajin da likitan jiragen ruwan Birtaniya James Lind ya yi a 1747 a kan masu ciwon zubar jini a dasashi, babu ko ɗigonsa a cikin wannan mai.

Abdoul-Aziz, ɗalibi, Yamai

Ina neman izinin iyayena da malamaina in ƙara abin da na gani da idona. Ina karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma na taɓa tatsar wannan mai da na'urar gilashi da ake kira Clevenger, wadda aka ƙirƙiro tun 1928. Na yanka rabin kilo na ganyen ƙaramin lemu daga wata garka da ke bakin kogin Isa, na bar shi yana tafasa awa uku, abin da ya taru a bututun awo bai cika mililita 2 ba, wani siririn zobe mai ɗan rawaya a saman ruwa. Da na maimaita da ganyen da ya kwana uku a cikin leda, ya ragu, ƙamshinsa ma ya canza.

Wannan shi ne babban abin da ke hana a yi maganar adadin sha. Kason sinadaran yana sauyawa gwargwadon jinsin itace, da shekarun ganyen, da lokacin da aka tsinke shi, da yawan ruwan da itacen ya sha. Ba dole ba ne lemun Gaya da na Timiya a tsaunukan Ayar su ba da mai iri ɗaya. Hanyar sanin abin da ke cikin kwalba ita ce a sa ta a na'urar kuromatogarafi mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta auna nauyinsu. Ƙwayar farasitamol ta miligiram 500 haka take ko'ina aka saye ta idan ta gaskiya ce, amma ɗigo biyar na wannan mai yau ba lallai ne su yi daidai da ɗigo biyar na baɗi ba.

Hajiya Zeinabou

Na gode ƙwarai. Tun da magana ta kai nan, bari in faɗi abin da na ɓoye saboda kunya. Ina da ƙyasbi a gefen wuyana, kuma a daren da aka kawo mini kwalbar na ɗiga man a auduga na goge wurin da shi tsurarsa, ban surka da komai ba. Ba a yi minti goma ba wurin ya ɗauki raɗaɗi kamar an shafa tanka. Na wanke da ruwa, bai daina ba. Da safe fatar ta yi ja ta ɗan tasa, bayan kwana huɗu ta fara saɓulewa, kuma har yanzu akwai duhun tabo daidai faɗin audugar. Ƙyasbin kuwa yana nan a gefensa. Shin man ne ba shi da kyau, ko ni ce na yi kuskure?

Dokta Ramatou

Sannu, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ko da man mai kyau ne, abin da zai faru ke nan. Sitiral yana ƙona fata idan ba a surka shi ba, kuma yana cikin sinadaran da ke sa jiki ya tsani abu har ya riƙa yin borin ƙaiƙayi duk lokacin da ya sake haɗuwa da shi. Saboda haka ne dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunan sitiral da limonen da linalol a jikin kayan shafa idan sun wuce wani ƙanƙanin adadi. Ruwa bai taimake ki ba domin man ba ya narkewa a ruwa. Da kin fara goge wurin da man girki sannan ki wanke da sabulu, da raɗaɗin ya fi saurin lafawa. Masu aiki da irin wannan mai ba sa wuce kashi 1 cikin 100 a abin da zai zauna a fata, wato kusan ɗigo ɗaya a ƙaramin cokalin shayi na man kaɗanya ko man riɗi, kuma ga mai mai yawan sitiral ana so a yi ƙasa da haka.

Ajiya ma tana da muhimmanci a gari irin Tawa. Limonen yana haɗuwa da iskar oksijin ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai da suka fi shi tayar da borin fata, kuma zafi da haske suna gaggauta wannan. Kwalbar da ta yi watanni a teburin kasuwa a cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, ba ita ce wadda ta fito daga wurin tatsa ba. A ajiye shi a kwalbar gilashi mai duhu, a toshe sosai, a wuri mai sanyi.

Akwai wata ƙunar daban da ya kamata masu shafa lemun tsami don hasken fata su sani. Ɓawon lemu, musamman ƙaramin namu, yana ɗauke da sinadaran furokumarin, waɗanda idan suka taɓa fata rana ta buga, sai wurin ya ƙone ya bar baƙin tabo na watanni. Waɗannan sinadarai ba sa bin tururi, don haka man da aka tatsa da tururi ya kuɓuta daga wannan matsala, amma man ɓawo da aka matse da ɗanyen ruwan lemu ba su kuɓuta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yara. Ƙamshin yana kama da na alewa. Idan yaro ya kurɓa, kada a sa shi amai, domin man yana iya faɗawa huhu ya ƙona shi kamar yadda kananzir yake yi. A garzaya da shi gidan likita tare da kwalbar. Masu juna biyu da masu asma su ma su nisanci shansa da shaƙarsa kai tsaye.

Malam Chaibou

Ƴata Dokta, na karɓi maganar man, domin ni ma ban taɓa ba kowa shi ba, kuma abin da ya sami Hajiya ya ishe ni hujja. Amma ban janye maganar ganye ba. Mutum ya shiga surace da toshewar hanci da ciwon gaɓoɓi, ya fito yana numfashi, ya yi barci. Wannan na gan shi sau ba adadi, ba kuma za a ce mini idona ne ya yi ƙarya ba.

Dokta Ramatou

Idonku bai yi ƙarya ba, Baba. Ɗumi da laimar tururi suna sa mai mura ya ji sauƙi, ƙamshin yana kwantar da hankali, kulawar da ake yi wa majiyyaci ita ma tana da nata rabon, kuma mura da ma takan tafi da kanta cikin mako guda ko fiye da haka kaɗan. Inda nake jin tsoro shi ne zazzaɓin damina. Ƙwayar masassarar cizon sauro a cikin jini take, tururi ba ya kai mata, kuma zazzaɓinta yana sauka ya dawo, sai a zaci surace ne ya saukar da shi, alhali ita tana ci gaba da fasa jajayen ƙwayoyin jini. Yaro ƙarami yana iya shiga jijjiga cikin kwana ɗaya ko biyu. Gwajin jini na yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Roƙona shi ne duk mai zazzaɓi, musamman yaro da mai ciki, a fara tura shi gwaji, kuma kada surace ya maye gurbin maganin rigakafin da ake raba wa ƙananan yara kowane wata da damina. Ƙananan yara kuma kada a lulluɓe su a kan tafasasshiyar tukunya, domin ƙunar ruwan zafi ta fi murar muni.

Malam Chaibou

Wannan na yarda da shi, kuma na daɗe ina tura masu zazzaɓin damina gwaji kafin in ba su komai. Amma har yanzu ba a amsa mini abu ɗaya ba. Kun ce ba a gwada ba. To wa zai gwada? Kowace shekara ranar 31 ga Agusta ana taron ranar maganin gargajiya ta Afirka, a yi jawabai a watse. Mutanen Sin gwamnatinsu ce ta tsaya musu shekara da shekaru. Idan ɗalibi kamar Abdoul-Aziz ya tsaya a faranti saboda kuɗin bincike ya ƙare a nan, to kalmar "ba a tabbatar ba" za ta bi itatuwanmu har jikokinmu, ba don an gwada sun faɗi ba.

Malam Issoufou

A wannan ina tare da ku, Malam Chaibou, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar. Abin da zan ce kawai shi ne akwai matakan da ba sa buƙatar miliyoyi, kuma ba a cikin ciki suke ba. Masana sun daɗe suna gwada man ƙamshin tsirrai a kan ƙwaron da ke huda wake a rumbu, da kuma fumfunar da ke ruɓar da kayan lambu, kuma irin wannan gwaji ana iya yin sa da kwalabe da mudun wake. Sitiral kansa babban kayan masana'anta ne, da shi ake fara haɗa bitamin A da wasu turaruka. Batun korar sauro kuwa a yi hattara, domin man yana tashi da sauri, kariyarsa gajeriya ce. Man korar sauro mai sunan lemu da hukumomin lafiya na Amurka suka amince da shi daga wani nau'in itacen turare mai ƙamshin lemu yake fitowa, ba daga lemu ba, sunan ne kawai yake rikita mutane. Gidan sauro yana nan a matsayinsa.

Hajiya Zeinabou

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa maganar sayar da shi da sunan magani. Zan gwada shi a sabulu da humra, in rubuta a jiki cewa ƙamshi ne. Malam Issoufou, idan na haɗa tukunyar kokot, mai dafa abinci da matsin tururi, da bututu don tatsar man, zai yi?

Malam Issoufou

Zai yi, Hajiya, da sharaɗin a cire abin da ke riƙe iska a murfin domin tururi ya fita ba tare da matsi ba, kada kuma a bari bututun ya toshe. A yi amfani da bututun jan ƙarfe ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, a naɗe shi cikin bokitin ruwan sanyi, domin limonen yana cin roba. A sabulu ki yi tsammanin ƙamshin zai ɗan ja baya, saboda soda ba ta barin sitiral yadda yake. Ruwan da zai rage a ƙarƙashin man shi ma yana da ƙamshi, amma ba ya daɗewa bai lalace ba. Ranar Asabar bayan la'asar zan iya zuwa garkar tare da maigidanki mu haɗa kayan, in zo da bututun awo mu ga abin da kilo biyar zai bayar.

Elhadji Mamane

Kafin ku tsinki ganye ko ɗaya, a tambayi maigidan ranar da ya yi feshi na ƙarshe. A wannan lokaci tsutsar nan mai zana farin layi a cikin toho tana damun lemu, kuma da yawa daga cikinmu mun fesa magani a makonnin nan. Idan an fesa, ku bar nasa, ku zo garkata. Akwai itace biyu a bakin rijiya da ban taɓa fesa musu komai ba, ɗaya ƙarami ɗaya babba, sai ku tatsa kowanne daban ku kwatanta. Ku zo da buhun algarara, kada ku zo da leda.